Kaburburan Girku da Mutanen Gimi

Karatunmu yana cikin Ayyukan Manzanni sura 10, yana da kyau kuwa kowa ya buɗe ya karanta surar duka. A can mun ga mutum biyu waɗanda ba su san juna ba. Ɗaya Karniliyas ne, hafsan sojan Roma a Kaisariya, mai tsoron Allah, mai yawan sadaka da addu'a, amma ba wanda ya taɓa bayyana masa hanyar ceto. Ɗayan kuwa Bitrus ne, yana zaune a Yafa a gidan wani majemi. Bishara tana bakinsa, amma bai taɓa tunanin sa ƙafa a gidan Ba'al'umme ba. Allah ya yi magana da su duka biyu. Ya ce wa ɗaya ya aika, ya ce wa ɗaya ya tashi ya tafi. Ba wanda aka nuna wa ƙarshen al'amarin a cikinsu. Kowa an ba shi abin da zai yi a ranar, ya kuwa yi. Cikin kwana huɗu suka sadu.

A ƙasarmu ma an yi irin wannan, sai dai a nan abin ya ɗauki kusan shekara 50, an kuma haƙa kaburbura da yawa kafin mai nema da mai kawowa su haɗu. Yawancinmu muna shiga sujada da harshen Hausa kowace Lahadi ba tare da mun san wannan labari ba.

A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, akwai wani malami a birnin Kano mai suna Malam Ibrahim. Masani ne, yana da almajirai. Cikin karatunsa ya riƙa tsayawa a kan wuraren da aka ambaci Annabi Isa: yadda budurwa ta haife shi, yadda aka kira shi Kalmar Allah, yadda ya warkar da makafi da kutare ya ta da matattu, da kuma cewa zai sāke dawowa. Abin ya kama zuciyarsa har ya fara koya wa almajiransa cewa matsayin Isa ya wuce yadda aka saba ɗauka. Magana ta kai fada. Aka kira shi aka ce ya janye, ya ƙi. A cikin shekarun 1860 aka tsire shi a kasuwar Kano. Bisa ga labarin da zuriyar almajiransa suka riƙe, kafin mutuwarsa ya umarce su su bar gari, su kuma jira, gama Allah zai aiko da waɗanda za su ƙara musu bayani a kan Isa.

Ba mu kawo wannan domin mu fama tsohon miki ba, ko mu ɗora wa maƙwabtanmu na yau laifin abin da aka yi shekara 150 da suka wuce. Mun kawo shi domin mu ga ta inda muryar ta shiga. Malam Ibrahim bai taɓa ganin Baturen mishan ba. Ba wanda ya yi masa baftisma, ba wanda ya koya masa Linjila aya aya. Waɗansu sukan yi gardama ko ya kamata a lasafta shi cikin Kirista. Ni dai ina ganin wannan hukunci ba namu ba ne. Abin da ke a fili shi ne, an ba shi ɗan haske, ya kuwa bi hasken har ya biya da ransa. Mu da muke da Littafi Mai Tsarki biyu uku a gida, waɗansu ƙura ta rufe su, bai kamata mu yi saurin auna shi ba.

Almajiransa suka watse. Waɗansu suka nufi duwatsun Ningi inda ikon Kano bai kai ba, waɗansu suka shiga ƙauyukan ƙasar Zazzau. Mutane suka riƙa kiransu Isawa, waɗansu kuma Bani Isra'ila. Suna noma, suna karatu, suna addu'a, suna jira. Tsofaffi suka mutu, 'ya'ya suka gaji jiran. Ku dubi wannan da kyau. Karniliyas ya jira kwana huɗu. Su kuwa sun jira har waɗanda suka ji maganar da kunnensu suka ƙare, ba kuwa wata alama ko ɗaya cewa wani yana zuwa.

To, a can wata nahiya, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, akwai wata dattijuwa mai suna Margaret Gowans. Zuciyarta ta ɗauki nawayar ƙasar da a lokacin ake kira Sudan. Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar Sudan ta yau ake nufi. A zamanin, sunan ya haɗa dukan ƙasashen da ke kudu da Hamada, daga wajen Senegal har zuwa kogin Nilu, ƙasar Hausa tana tsakiya. Ɗanta Walter Gowans ya gaskata Allah ya kira shi zuwa can. Ya nemi ƙungiyoyin mishan su aike shi, ba wadda ta yarda. Ita uwar ce ta zaunar da wani saurayi mai suna Rowland Bingham a gidanta, ta shimfiɗa masa bukatar ƙasar har ya kasa samun sukuni a ransa. Na ukunsu shi ne Thomas Kent, daga birnin Buffalo a Amurka. Ba wanda ya kai shekara 30 a cikinsu, Bingham ma bai cika 21 ba sa'ad da suka kama hanya. Ba su da ƙungiya a bayansu, kuɗinsu kuma kaɗan ne.

Ran 4 ga Disamba 1893 suka sauka a Legas. Turawan mishan da suka daɗe a can suka yi musu gargaɗi, har wani babba a cikinsu ya gaya musu cewa su ba za su ga cikin ƙasar ba, 'ya'yansu ma ba za su gani ba, watakila dai jikokinsu. Ba da mugunta ya faɗi haka ba. Ya san yawan Turawan da zazzaɓi ya kwantar a bakin teku. Ba a daɗe ba kuwa Bingham ya kamu da zazzaɓin cizon sauro, aka shirya ya zauna a Legas ya riƙa aika musu da kaya. Gowans da Kent suka kama hanyar arewa. Zamanin yaƙe-yaƙe ne da farautar bayi. Gowans ya faɗa hannun mayaƙa, ya rasa kayansa, ciwo ya ci ƙarfinsa. A watan Nuwamba 1894 ya mutu a Girku, wani gari a ƙasar Zazzau kudu da birnin Zariya. A watan Disamba na shekarar Kent ya mutu a Bida. Ba su kafa coci ba. Ba su yi wa ko mutum ɗaya baftisma ba. Abin da yakan taɓa ni a nan shi ne, Gowans ya kwanta dama a ƙasar Zazzau, ƙasar da waɗansu Isawa ke zaune suna jira, bai san da su ba, su ma ba su san da shi ba.

Bingham ya koma Kanada a 1895, ya kai wa uwar Walter ɗan abin da ya rage na kayan ɗanta. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ta karɓe shi. Ta riƙe hannunsa, ta yi shiru, sa'an nan ta gaya masa cewa ta fi so ɗanta ya mutu a can shi kaɗai, da a ce yana gida a gabanta yana rashin biyayya ga Ubangijinsa. Daga baya ta ci gaba da tara mutane domin addu'a saboda ƙasar da ta ci ɗanta.

Shi Bingham bai sami wannan natsuwa da wuri ba. Bangaskiyarsa ta girgiza ƙwarai. Tambayar da ta dame shi ita ce wadda takan dami kowane mai bi da ya yi biyayya ya kuma ga asara: in da gaske Allah ne ya yi magana, don me ya ƙare haka? Ko kuwa zuciyarmu ce ta ruɗe mu?

A nan sai mu tsaya, gama akwai abu biyu da aka cakuɗa, Bingham kuwa ya sha wahala kafin ya raba su. A zamanin akwai koyarwa mai ƙarfi a tsakanin waɗansu masu bi a Amurka da Kanada, cewa warkarwar jiki haƙƙi ce ta kowane mai bangaskiya, wanda ya dogara ga Allah da gaske ba ya bukatar magani. Samarin nan sun tashi cikin iskar wannan koyarwa. Alhali tun 1854 wani likita mai suna Baikie ya shigo da jirgi ta kogin Kwara har cikin Binuwai, yana ba mutanensa kwinin kowace rana, ya kuma koma bai rasa ko mutum ɗaya ba. A 1897 kuma wani likitan Ingila mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya gano cewa sauro ne ke ɗaukar cutar. Bingham ya koma ga Maganar Allah ya bincika daga farko. Ya tarar Bulus ya bar Tarofimas da ciwo a Militas, ya kuma shawarci Timoti a kan abin da zai sha saboda cikinsa, Luka ma likita ne. Ya gane kiran zuwa Sudan daga Allah ne, amma tabbacin cewa ciwo ba zai taɓa su ba, mutane ne suka ƙara. Daga baya ya rubuta littafi guda a kan wannan domin ya tsare waɗansu.

'Yan'uwa, wannan cuta ba ta mutu ba. Har yau akwai gidajen da ake hana mara lafiya zuwa asibiti da sunan bangaskiya. Akwai matan da naƙuda ta tsananta aka ajiye su ana ta addu'a har lokaci ya ƙure. In wani ya yi magana sai a ce masa Allah ne ya faɗa. Muryar Allah ba ta saɓa wa Maganarsa da aka rubuta. In mutum ya ji abu a ransa, ya auna shi da Littafi Mai Tsarki duka, ba da aya ɗaya da ya tsinto ba. Ya kuma kai shi gaban dattawan ikkilisiya. Bitrus ma, da ya ga wahayi sau uku, bai tafi Kaisariya shi kaɗai ba, ya ɗauki 'yan'uwa shida, da ya dawo kuma ya zauna ya ba da bayani a gaban ikkilisiyar Urushalima.

A 1900 Bingham ya sāke gwadawa tare da waɗansu samari biyu. Ya sauka a Legas, zazzaɓi ya sāke kwantar da shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi aka mai da shi gida. Abokan tafiyarsa suka karai, suka bi jirgi na gaba. Ya ce bai taɓa shiga duhu irin na wannan lokaci ba. Shekara bakwai ke nan, ba abin nunawa sai kabari biyu. In da yau ne, da kwamitin ikkilisiya ya zauna ya ce wannan aiki ba albarka a cikinsa, a rufe. Da kuwa ba wanda zai ga laifinsu.

Amma aka sāke aika mutum huɗu a 1901, a 1902 kuma suka kafa tasha ta farko a Patigi, a ƙasar Nufe, a bakin kogin Kwara. A shekarar ce Andrew Stirrett ya iso. Mai sayar da magani ne a Toronto, ya bar shagunansa ya ba mishan dukiyarsa ya taho. Shi ne ya nace kowane ma'aikaci ya sha kwinin kullum, daga nan mace-mace suka ragu ƙwarai. Hausawa suka sa masa suna Bature Mai Magani. Ya yi wa'azi da Hausa a kasuwanni shekaru masu yawa, har ya rasu a Jos a 1948. Ga shi, Allahn da ya kira samarin farko shi ne ya aiko da mai magani. Wannan ƙungiya ita ce SIM, wadda daga aikinta ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954.

Yanzu mu koma Girku, gama garin ya sāke shiga labarin. A shekara ta 1900 ɗin nan wata ƙungiya dabam, ta CMS daga Ingila, ta kama hanyar Kano. Mutum biyar ne: Bishop Herbert Tugwell, da Likita Walter Miller, da Richardson, da Dudley Ryder, da Burgin. Waɗansu daga cikinsu sun riga sun zauna a Tarabulus sun koyi Hausa a wurin Hausawan da ke can. Suka isa Kano ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda ake kira Alu, ya karɓe su a fada da fushi, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. In an yi adalci, Sarki yana da dalili. A ranar 1 ga Janairu na shekarar ne Lugard ya kafa tutar Ingila a Lokoja ya ce Arewa ta shiga hannunsu. Wane sarki ne zai ga Turawa biyar a ƙofarsa a irin wannan lokaci ya ɗauka Littafi kaɗai suka kawo? A ganina himmarsu ta yi gaba da hikimarsu. Hausawa sun ce gaggawa ba ta haihuwar ɗa mai ido. Suka juya, suka sauka a Girku. A can Dudley Ryder ya mutu. Garin da ya karɓi gawar Gowans shekara shida da suka wuce ya karɓi ta biyu. Ba a daɗe ba sauran suka bar wurin.

Bayan Turawan mulki sun ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka yi wa sarakuna alkawari ba za su taɓa addininsu ba, suka kuma taƙaita shigar mishan cikin manyan masarautu. Wannan ya ba masu bishara haushi ƙwarai. Sun bar ƙasashensu domin Hausawa, sun koyi Hausa, ga shi kuma 'yan ƙasarsu sun rufe musu ƙofa. Amma ku tuna da Ayyukan Manzanni sura 16, inda Bulus ya so shiga Asiya aka hana shi, ya so shiga Bitiniya aka hana shi, har ya tsinci kansa a Taruwasa inda aka kira shi zuwa Makidoniya. Rufaffiyar ƙofa ma wani lokaci magana ce. Masu bishara suka juya zuwa ga waɗanda ba su yi niyyar zuwa wurinsu da fari ba. SUM ta sauka a Wase a 1904. SIM ta shiga Egbe a 1908, Kwoi a 1910, Kaltungo a 1917. Da yake harsunan wuraren nan suna da yawa, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa, sai ta zama harshen makarantar Littafi Mai Tsarki da na waƙoƙin sujada. Shi ya sa yau Bajju da Ham da Gbagyi da Tangale da Ngas da Birom da Bachama za su iya zama a benci ɗaya su yi addu'a da baki ɗaya. Da yawa daga cikinmu da muke karanta wannan shafi, ta wannan rufaffiyar ƙofa bishara ta iso gidajen kakanninmu. Ba wanda ya zauna ya tsara haka, ko a Toronto ko a Landan.

Likita Miller kuwa bai bar ƙasar Zazzau a zuciyarsa ba. A 1905, a zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, ya sami izinin zama a cikin birnin Zariya. Ya buɗe wurin ba da magani da 'yar makaranta, ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki. Mutum ne mai zafin rai, ya sha samun saɓani da sarakuna da Turawan mulki, har da abokan aikinsa. Masu tuba kuwa 'yan kaɗan ne, ana ƙirga su da yatsu. Haka ya yi shekara takwas.

A 1913 waɗansu baƙi suka zo wurinsa. Isawa ne. Labari ya kai musu cewa akwai wani Bature a Zariya da yake magana a kan Isa, suka zo su ji ko shi ne wanda aka ce wa kakanninsu su jira. Ku yi tunanin wannan zama. A gefe ɗaya ga mutumin da ya bar ƙasarsa shekara 13 da suka wuce, aka kore shi daga Kano, ya binne abokinsa, yana ta shuka a kan fako. A gefe ɗaya ga jikokin almajiran wani malami da aka kashe tun kafin a haifi Miller, gama a 1872 aka haife shi. Miller bai neme su ba, bai ma san suna nan ba. Su suka zo da ƙafafunsu. Aka bi su zuwa ƙauyukansu, aka karanta musu Linjila, da yawa suka ba da gaskiya. Ba dukan Isawa ne suka karɓa ba, waɗansu sun tsaya a kan abin da suka gāda. Waɗanda suka karɓa suka nemi wuri su zauna tare, aka ba su fili a Gimi, a ƙasar Zazzau. Suka sare daji, suka gina gidaje da coci da makaranta. Wanda ya zauna da su yana kiwonsu shi ne Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, wato daga zuriyar waɗanda aka kwashe daga Afirka a zamanin cinikin bayi.

Wannan shi ne abin da muke nufi in mun ce alheri. Mukan yi magana kamar jin muryar Allah gwaninta ce, wai in mutum ya yi azumi kwana kaza, ko ya hau dutse ya kwana, to, dole Allah ya yi magana. Azumi yana da kyau, addu'a wajibi ce. Amma wane azumi ne Isawa suka yi da ya sa wata uwa a Toronto ta kasa barci saboda ƙasarsu? Wace dabara ce Miller ya yi da ta sa aka shirya masa masu sauraro shekara 50 kafin ya buɗe baki? Allah ne yake fara magana. Shi ne kuma yake buɗe kunne. Yaro Sama'ila ma bai gane mai kiransa ba, sau uku yana gudu wurin Eli, Ubangiji kuwa bai yi fushi ya tafi ba, ya sāke kira. Namu shi ne mu amsa abin da muka riga muka ji. Mutane da yawa suna roƙon Allah ya nuna musu nufinsa a kan aure ko aiki ko ƙaura, alhali abin da ya riga ya faɗa a sarari, su gafarta wa ɗan'uwa, su biya bashin da ke kansu, su bar wata hanya da suka san ba ta da kyau, yana nan a ajiye ba su taɓa ba.

Da ma a ce labarin ya tsaya a nan. Amma Gimi tana kusa da rafi mai duhuwa, inda ƙudan tsando ke zaune. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya shiga garin. A lokacin ba magani mai inganci. Mutum yakan fara da zazzaɓi da kumburi a wuya, daga nan sai kasala, sai yawan barci da rana, waɗansu hankalinsu ya juya, har rai ya fita. Aka riƙa binne manya da yara. Mutanen da suka jira tsara biyu, suka sami abin da suke jira, suka gina garinsu da hannunsu da murna, ga shi garin yana cinye su. A ƙarshe dole aka bar Gimi, aka kwashe waɗanda suka tsira zuwa Zariya, yawancinsu yara. Ciwon ya ci gaba da ɓarna a yankin, har a shekarun 1930 da 1940 gwamnati ta sare kurame ta tashi ƙauyuka a wajen Anchau, ta gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya.

Mai wa'azin da ke koyar da cewa alamar biyayya ita ce wadata da lafiya, ban san abin da zai faɗa a kan kaburburan Gimi ba. Mutanen nan ba su yi tawaye ba. Sun ji, sun tashi, sun bi. Littafin Ibraniyawa sura 11 ya jera waɗanda ta wurin bangaskiya suka tsere wa kaifin takobi, a cikin surar kuma ya jera waɗanda takobi ya kashe, bai kuwa ce bangaskiyar waɗansu ta fi ta waɗansu ba. Ina faɗar wannan musamman domin 'yan'uwanmu da suka rasa gida ko gona ko ƙaunatattu a tashe-tashen hankulan da suka addabi ƙasarmu, waɗanda wani lokaci akan ƙara musu ciwo da cewa watakila akwai zunubi a ɓoye. Da masu bishara na ƙauye da suka yi shekara goma a wuri ɗaya, membobinsu ba su kai ashirin ba, suna jin kunyar ba da rahoto a taron gunduma. Gowans bai sami ko ɗaya ba.

A 1929 aka tashi mishan daga cikin birnin Zariya aka koma Wusasa, a gindin dutse, inda aka gina cocin Saint Bartholomew da makaranta da asibiti. Daga makarantar mishan ɗin nan aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko daga Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mukan so ambaton waɗannan sunaye, ba laifi, amma ba su ne hujjar cewa Allah ya yi magana ba. Da ba a sami likita ko farfesa ko ɗaya ba, da biyayyar waɗanda suka mutu a Gimi ba ta ragu da ƙwayar gero ba.

Ƙofar da aka rufe a 1900 ma ta buɗe a kan lokacinta, ta hanyar da ba wanda ya zata. A shekarun 1930 aka ba SIM izinin kula da kutare a masarautun Arewa, aka buɗe wurare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. A ƙasar Nijar kuma an riga an shiga Damagaram tun 1924, daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950. Bingham ya rayu har 1942, ya ga Kano da idonsa, garin da aka ce sai dai jikokinsa.

Fassarar da Miller ya fara a ɗakinsa a Zariya, tare da taimakon malaman Hausa da ma'aikatan waɗansu ƙungiyoyi, Stirrett yana cikinsu, ta kammala. Cikakken Littafi Mai Tsarki na farko da Hausa ya fito a 1932, shekara 38 bayan an binne Walter Gowans a Girku, fiye da shekara 60 bayan mutuwar Malam Ibrahim. A cikin jama'ar Wusasa da suka karɓe shi akwai yaran nan da aka kwaso daga Gimi, sun riga sun zama magidanta.